Wulan Za Ta Tafi Flores

Wulan ta fito daga jarrabawarta ta ƙarshe, ta tarar da saurayinta Bagas a rumfar mai shayi, ya zuba wa ƙofar jami'a ido.

"Na ci, Mas," ta ce. Mas take kiransa, wato yaya, shi kuma yana kiranta Dik, wato ƙanwa, kamar yadda masoya ke yi a garinsu. "Kuma na karɓi aikin koyarwar nan a tsibirin Flores."

Ya miƙe har kujera ta faɗi. "Dik, mahaifiyata ta gama ɗinka miki kayan baiko. Makarantun da ke nan garinmu Yogya sun ƙare ne?"

"Kai ka zaunar da ni ina karatu da ƙarfi har in'inata ta tafi. Akwai yara irina a can, ba su da kowa."

"Ni wa nake da shi?" Ya riƙe igiyar jakarta. "Tsohuwa tana kwance, kin san ba zan iya binki ba. Ki ce in jira. Wallahi zan jira."

Kalma ɗaya ce, kuma tana bakinta. Ta dubi ramar da ya yi, hawaye ya zubo mata.

"Ban san ranar dawowata ba, Mas. Ba zan ɗaure ka da ƙarya ba."

Ya daɗe kafin ya saki igiyar.