Riƙon Kwalba

Tun da aka fara fasa dutse a bayan asibiti, doka ɗaya ce a ɗakin bakwaini: in jiniya ta yi kuka, kowace uwa ta rungume kwalbar da aka sa jaririnta har ƙasa ta daina rawa. Ranar da na haifi Sagir aka koya mini, tun kafin shayarwa.

Yau na lura ƙafar kwalbarsa ɗaya ba ta taɓa ƙasa. Robar hancinsa kuwa, da an girgiza sai ta zame.

"Sista Talatu, dubi ƙafar nan. Saura minti goma a fasa na azahar."

"Maijego, ke dai ba kya gajiya da dube-dube," in ji ta. Ta ciro wata takarda cike da sa hannu, ta ninke huɗu, ta durƙusa ta cusa a ƙarƙashin ƙafar.

"Ta mece ce?"

"Ta ƙin yarda ce. Mu da likitoci muka sa wa hannu lokacin da ake shawarar kawo kamfanin fasa dutsen. Tana da kauri, ta fi kwali. In ta lotse ki yi magana, akwai saura."

Jiniya ta yi kuka. Na kifa ƙirjina a kan gilashin. Ƙasa ta yi rawa, fitilu suka yi lilo, kwalbar ba ta motsa ba.

Sagir bai ko farka ba. Ranar Juma'a da ba a fasa dutsen, ranar ce yake yini yana kuka.