Mayafin Inna Tasalla

Tun da aka kafa dokar zafi, duk wanda ya haura saba'in sai ya wuni a gidan sanyi na unguwa. Motar tsofaffi takan zo da sassafe, kafin kwalta ta fara narkewa.

Lantana ta cika wa mahaifiyarta gorar ruwa, ta shafa mata man kaɗanya a ƙirji.

"Inna, kada ki zauna saitin na'urar sanyin nan. Ki riƙa kurɓar ruwa ko ba kya jin ƙishirwa."

Inna Tasalla ta yi dogon tarin nan da duk masu zuwa gidan sanyi ke yi yanzu. "Ki bar ni a ɗakina yau, Lantana."

"A ɗaki aka bar maƙwabcinmu Malam Tanimu. Kafin azahar ya daina gumi, ya daina gane 'ya'yansa."

"Shi dai a kan tabarmarsa ya cika."

Direba ya danna hon a waje. Tsohuwar ta buɗe adakarta, ta ciro farin yadin da ta wanko da zamzam shekarar da ta je Makka, ta yafa.

"Haba Inna! Likkafaninki ne fa. Ga bargo."

"Wanda ya cika a can ba a dawo da shi gida, kin sani. Gara in tafi da abina."

Lantana ta kama hannunta har bakin mota. Sai da ta zaunar da ita ta ɗaga kai ta duba. Duk tsofaffin da ke ciki fari suka yafa.