Ranar da Baba ya kife kwano

Ina aji biyar na rubuta waƙata ta farko a bayan littafin makaranta, waƙar saniyarmu da aka kai kasuwar Makarfi aka sayar. Baba ladan ne a Saulawa, kuma ko rediyo ya saki kiɗa kashe shi yake yi. Shi ya sa na ɓoye littafin a ƙarƙashin buhun masara.

Ran nan bayan la'asar ya kira ni zaure, sai na ga littafin a hannunsa. Na durƙusa, idona yana kan dorinar da ke rataye a bango.

Bai ko dube ni ba. Ya kife kwanon da ya sha fura, ya fara buga shi da yatsu, irin kiɗan da ake yi wa manoma ranar gayya. Sai ya rera waƙar tawa da wata murya da ban taɓa jin ta ba, ko a kiran salla. Na saki baki ina kallonsa.

A baiti na uku ya tsaya. Ya ce, "Wannan ɗingishi yake yi. Baitin da bai bi saran fartanya ba, sake shi."

Na ce, "Baba, a ina kuka koya?"

"Kafin a haife ka, ni nake yi wa garin nan kiɗan noma. Ɗauki littafinka, kada in ji maganar nan a waje."

Har ya rasu ban ƙara jin ya rera komai ba. Yau ma in baiti ya gagare ni kwano nake kifewa, amma ban taɓa samo kiɗan nan nasa ba.