Duhun Bayan Sujada

"Kin yi kuskure a shafi na arba'in, mademoiselle," in ji farfesan, yana ƙwanƙwasa kundinta da alƙalami.

Tun asuba ta baro Paris zuwa Lyon don kare bincikenta kan imanin Kirista a wani tsohon littafin Rasha. In bai sa hannu ba, shekara biyunta sun tafi a banza. A wurin da suke gardama a kai cikin littafin, wani tsohon limamin coci ne ya daɗe goshi a ƙasa, da ya miƙe sai ya ga duhu.

"Shekara talatin ina koyar da cewa duhun nan shakka ce. Kowa da guzurinsa yake fassara littafi. Ke da ba addininki ba, me kika zo da shi?"

Ta gyara ɗankwali.

"Azumi yake yi, Monsieur. Duk wanda ya daɗe a sujada da yunwa, in ya tashi jiri ke ɗibarsa. Ba Allah ne ya ɓace masa ba."

"Ina hujjarki?"

Ta ja kujerarta gefe, ta nuna masa daɓen ɗakin.

"Ga ƙasa nan. Bismillah, gwada."