Wa Zai Hau Hasumiyar Radiyo?

"Ba mu yarda ba," in ji mai unguwa a gaban magajin gari. "Duk namijin da ya hau hasumiyar radiyon nan zai hango tsakar gidajenmu."

Magajin gari ya ajiye alƙalami. Izinin gina hasumiyar ya sha ruwa.

Sai tsohon maƙerin azurfa ya gyara zama, wanda aka daɗe ana yi wa dariya don ya tura 'yarsa birnin Yamai koyon aikin lantarki.

"Ranka ya daɗe, namiji kaɗai aka hana, ko?"

Aka sa hannu.

Yanzu idan 'yar maƙerin ta hau hasumiyar gyara, mata guɗa suke yi mata daga tsakar gida. Mai unguwa kuwa, sai ya dafe rawani ya ɗaga kai kafin ya gan ta.