Kaske Mai Raga

Kaske uku Illo ya jera masa a kan teburin gyara, kowanne cikin akwatinsa kamar kayan lefe. Irin abin sauraron nan ne da ake ɗorawa a kai ya rufe kunnuwa, amma ba irin na bakin titi ba. Illo ɗan kasuwar Zongo ne, daga Turai aka aiko masa da su, ya rasa wanda ya fi wani.

"Malam Mijinyawa, duk Yamai ba kunne irin naka," in ji Illo. "Ka saurara min sati guda. Wannan mai raga a baya kuwa, an ce ba ya tsare komai. Sauti sai ya kewaye ka kamar kana tsakar gida."

Mijinyawa ya ce to. Shekara talatin yana gyaran rediyo a Boukoki, yana gane lasifikar da za ta mutu tun kafin ta fara tari. Sai dai ba don Illo ya karɓa ba, don wani kaset ne guda ɗaya da ke ƙasan akwatinsa.

Muryar matarsa Iklima ce a ciki. A da ita ke gabatar da shirin gaishe-gaishe a wani gidan rediyo, har mata kan ajiye taɓarya in ta fara. Bara ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da ita, ya tafi da bakinta. Wata goma sha ɗaya ko uffan ba ta ce ba. Wanta Mu'azu ya yanke magana: ranar Asabar zai zo da mota ya kai ta Dogondutsi, mata su yi jinyarta. "Wadda ka sani ai ba ta cikin jikin nan," haka ya ce. Mijinyawa ya yarda, don ya gaji, kuma kunyar gajiyar nan tana cin sa.

Tun kwanciyarta ya mai da teburinsa ɗakinta, amma ya juya shi yana kallon bango. Wai don hasken taga. Ƙarya yake, kallonta ne ba ya iyawa. Kaset ɗin ma bai taɓa kunna shi a fili ba, kada ta ji abin da ta rasa.

Ranar Talata bayan la'asar ya fara gwaji. Na farko baƙi ne, ya matse kunne tsam, ya kumbura murya har ta koma kamar mai mura. Ya ajiye shi. Na biyu na katako ne, shi ma a rufe, kaifi gare shi. Ya ji motsin takarda a hannunta, ya ji ta haɗiye yawu, amma muryar ta fito a bushe, ba ɗumi.

Sai ya ɗora mai ragar. Wallahi sai da ya riƙe bakin tebur. Ga Iklima nan sak, da dariyar nan da ke ɓoye a ƙasan maganarta.

"Saratu mai tattasai a Petit Marché tana gaida ƙanenta Isaka direba..."

A nan ya ji ta. Wata murya ce ta biyu, ƙasa-ƙasa, a shaƙe, tana jan kalmomi kamar mai jan ƙafa. Duk abin da Iklima ta faɗa sai ta maimaita a bayanta. Ya tsai da kaset, shiru. Ya sa na farko, babu. Ya sa na biyu, babu. Ya koma mai raga, can zuwa suna na uku sai ga ta.

Ya san wannan kaset kamar Fatiha. Ita kaɗai ce a ɗakin ɗaukar magana ranar, shi ya raka ta, yana kallonta ta gilashi.

Laraba ya goge kan na'ura da auduga, ya canza waya, ya duba zaren kaset a haske. Komai lafiya. Abin da ya fi tayar masa da hankali, muryar ba ta shigowa a wuri ɗaya. Jiya a kan Isaka ta fara, yau tun daga sallama. Zaren kaset kuwa ba ya canza ra'ayi, wannan ko ɗan koyo ya sani.

Alhamis sai ta riga Iklima faɗin wani suna.

Ya cire kasken ya wurgar, ya fita tsakar gida yana ta a'uziyya. Zuciyarsa ta ba shi cewa ajali ne, tun ranar da aka ɗauki shirin yake bin matarsa taku da taku, sai yau aka samu kaske mai tsadar da zai tona shi. Ya ji tsoro, tsoro irin wanda bai ji ba ko ranar da ta faɗi. Ya rantse ba zai sake ba.

Juma'a bayan masallaci ya sake. Gobe za a tafi da ita, wannan ce kaɗai Iklimar da za a bar masa, kuma yana son ya kai ƙarshen shirin, inda takan gaishe shi. Ya zauna, fuska ga bango, ya daure. Muryoyin biyu suka yi ta tafiya tare, suna bayan suna.

"Daga ƙarshe, ina miƙa gaisuwata ga..."

Ɗif, wutar kuran ta ɗauke. Fanka ta tsaya, zaren kaset ya tsaya, jar fitilar na'ura ta mutu.

Murya ta biyun ba ta tsaya ba. Ta ratso ta cikin ragar nan da ba ta tsare komai, sautin ciki ya fita na waje ya shigo, daga kan gadon da ya ba wa baya wata goma sha ɗaya, ta ƙarasa da ƙyar: "...maigidana, mai gyaran rediyo na Boukoki."