Layi na Goma Sha Bakwai

Harka yana tsaye a bakin gona, hula a hannu, lokacin da motar Dakta Sarmila ta hauro dutsen.

Layi arba'in na koren wake ta bar masa, kowane layi da irinsa da lambarsa, aikin shekara shida. Wata biyu ke nan da ɗaukarsa aiki a tashar binciken noma, tun da zaftarewar ƙasa ta cinye gonarsa. Ɗakin da iyalinsa ke kwana ma na tashar binciken ne. Kafin ta tafi babban birni Katmandu ta ja masa kunne: ban ruwa da cire ciyawa, kada ya ƙara komai.

Kwana goma da tafiyarta cutar tsatsa ta kama waken. Ganye ya yi ja, ya bushe, ya zube, layi bayan layi. Harka ya ja akuyarsu tilo zuwa kasuwa, matarsa ta ɗauka kuɗin motar komawa ƙauye yake tanadi.

Dakta ta bi layukan tana rubutu. Shi kuwa yana biye da ita, yana jiran kalmar da za ta raba shi da ɗakin. A layi na goma sha bakwai, wanda ke jikin ƙofarsa, ta tsaya. Kore shar. Ta tsinki wake ɗaya, ta karya, ta tauna.

"Ranki ya daɗe, ki yafe mini," in ji Harka. "Sauran duk sun..."

Ta yi dariya. "Haba Baba Harka, ka tsufa a noma kana ɓari kamar ɗan makaranta? Ni na fesa musu cutar da hannuna. Wanda ya tsira da ƙarfin kansa muke nema, ga shi mun samu. Baɗi war haka yana hannun manoma dubu, kuma da ƙauyenku za mu fara."

Harka ya buɗe baki. Ya hango matarsa tana shanya a ƙofar ɗakin, ya rufe. Ashe tsoron da ya yi ta fama da shi somin taɓi ne.

Maganin tsatsar da ya sayo da kuɗin akuya, layi ɗaya kacal ya isa ya fesa.